Sawu Biyu a Bakin Rami

Ranar Litinin, ƙarfe bakwai saura, Doña Hermelinda tana zuba kunun hatsin kinuwa a ƙofar wurin aikin metro, jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa, sai ta lura injin rami bai tashi ba. Shekara guda ke nan tana sayar da karin kumallo a wannan ƙofa ta unguwar Ate da ke birnin Lima, ta san ƙarar wurin kamar yadda ta san tarin maƙwabcinta. Yau babu ƙara, sai hayaniyar maza. Can maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce mata an sace Santa Barbara, kuma sunan 'yarta Yovana ake ta kira.

Ko tukunya ba ta rufe ba. Ta bi ta ƙarƙashin hannunsa ta shige.

Santa Barbara, ɗan mutum-mutumin wata waliyyiya ta Kirista, na zaune ne a wani ɗan akwatin gilashi da aka kafa a bango, daidai inda ake sauka rami. Tsawonta bai fi kamu ɗaya ba. Duk mai haƙar ƙasa ya san ita ke riƙe rufin rami kada ya faɗo, babu mai wucewa ta gabanta bai taɓa hularsa ba. Yanzu akwatin a buɗe yake, wayam. Maza sittin sun zauna a kan hulunan kwanonsu, sun ce ko da igiya za a ja su ba za su sauka ba.

Gefe guda mata bakwai ne a tsaye, Yovana a gabansu. Lokacin da aka ce za a jawo layin metro zuwa nan, kamfani ya yi alkawarin ɗaukar mutum ɗari huɗu daga unguwa, har da mata. Kwana uku Yovana ta yi a layi kafin a karɓi takardunta. Wata shida tana koyon tuƙa ƙaramin jirgin da ke fito da laka daga rami. Saura kwana goma ta gama zaman gwaji a ba ta aikin dindindin.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Maestro Fortunato, shugaban masu aikin rami, tsoho ɗan Cerro de Pasco da ya shekara talatin a ramukan ma'adinai. Shi ya zo da Santa daga can ya ba ma'aikata, shi ne kuma mai kula da kyandir ɗinta. Kowa ya san labarin: ranar da rami ya rufta da ƙanensa shi ya fito da rai, ya yi alkawarin wutar Santa ba za ta mutu a hannunsa ba. Kullum sha biyun rana yake canza kyandir, dogo mai kauri, yana kunna sabon daga tsohon.

Maestro ya nuna ƙasa. Yayyafin Lahadi ya jiƙa ƙura ta zama laka mai laushi, ga sawun ƙaramin takalmi daga gindin akwatin ya nufi ƙofar fita. Sannan ya ɗaga wasu fararen takalman kambas da aka samo a kwantenar da mata ke canza kaya, duk laka. Na Yovana ne. Ranar Asabar ta bar su can ta tafi gida da takalmin aiki.

"Na faɗa tun farko," in ji shi. "Ƙasa mace ce, ba ta son wata mace a cikinta. Ba a ji ba. Yanzu ga shi har Santa sun kawar don kada ta gan su."

"Wata tara ka yi a cikin mace, Maestro," in ji Hermelinda, "ba ta rufta da kai ba."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, suka haɗiye ta da suka ga fuskarsa.

Injiniya Ugarte ya fito daga ofis yana shafa goshi. Matashi ne, takalminsa bai taɓa sanin laka ba. Ya ce ba ya son 'yan sanda, ba ya son 'yan jarida, so yake injinsa ya tashi. In ba a ga Santa ba zuwa sha biyun ranar gobe, zai sallami Yovana bisa laifin sata, sauran matan shida kuma a mayar da su titi su riƙa ɗaga wa motoci tuta. Ya faɗi haka bai ko dubi inda Yovana take ba.

Hermelinda ta ce a ba ta dama ta duba sawun. Injiniya ya tambaye ta ko ita ba mai kunu ba ce. Wani lebura ɗan Cajamarca, yankin su Hermelinda, ya sa baki ya ce wannan 'yar Tarrillo ce ta Chota, ubanta ne ya shugabanci masu sintirin ƙauye, tun tana shekara tara take bin sawun shanun sata tare da shi, sun taɓa bin bijimi ɗaya har kwana huɗu a kan duwatsu. Injiniya ya ɗaga kafaɗa. Ya miƙa mata hular kwano ya ce ta yi rabin awa ta fita.

*

Ta tsuguna a gindin akwatin, ta tattara siket ɗinta tsakanin gwiwoyi.

Sawun manyan takalma ba su da amfani, duk iri ɗaya kamfani ya raba, kuma maza sittin sun tattake wurin tun safe. Ƙananan ne aka kewaye ba a taka ba, don a nuna wa Injiniya. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙofa. Ashirin da shida ne. Kowanne ya fito sarai, diddige da yatsu zurfinsu ɗaya, kamar an buga tambari a kan takarda.

Zuciyarta ta tafasa. Mai tafiya diddigensa ke fara nitsewa, yatsunsa su tono ƙasa in zai ɗaga. Ban da haka, tun ranar da Yovana ta faɗo daga ƙofar bas tana shekara sha tara take jan diddigen hagu, duk inda ta bi sai ta bar ɗan zane a bayanta. A nan babu zane ko ɗaya. Wani ne ya sa hannuwansa a cikin takalman ya bi ƙasa yana dannawa.

Ta miƙe ta faɗi haka da ƙarfi. Wani daga baya ya ce ai uwa ce, ko da Santa aka samu a jakar 'yar za ta ce iska ce ta kawo ta. Aka yi dariya. Injiniya ya ce shi ba ya karanta laka, a kawo masa abin da zai riƙe a hannu.

Ta koma gindin akwatin ta sake dubawa, wannan karon ta hagu, inda babu wanda ya kula. Kusa da bango ta ga wani ɗan ɗigo rawaya. Ta ɗauka kashin tsuntsu ne, ta karce shi da farce, sai ta ji kaki ne. Taku uku gaba, wani. Ta tsinci bakwai, sun bi jikin bango zuwa cikin fili, har inda aka zuba kankare manyan motoci ke bi. Nan suka ɓace. Ta zuba su a aljihun gaban rigarta ba tare da ta san me za ta yi da su ba. Wurin kyandir ai ba ya rabuwa da kaki.

A ƙofa ta tsayar da maigadi ta tambaye shi wa ya shigo ranar Lahadi. Ya rantse babu kowa. Ta tambaye shi makullin kwantenar mata. Ya ce kwaɗon ya lalace tun watan Afrilu, matan sun kai ƙara sau uku, har yau ba a canza ba.

*

Da rana ta koma da kunun da ya yi saura, ta zagaya rumfar cin abinci ta ma'aikata. Mutum biyu ne a ranta.

Na farko Hermano Abner ne, mai walda, wanda ya bar cocin iyayensa ya koma na masu tafi da ganga. Shi kaɗai ne ba ya taɓa hularsa a gaban Santa, kuma ya sha faɗa a fili cewa gunki ne. Ta same shi a ƙarshen benci shi kaɗai, yana cin shinkafa da wake, Littafi Mai Tsarki a buɗe kusa da farantinsa. Kujerar Maestro kuwa babu kowa, aka ce baƙin ciki ya hana shi cin abinci.

Ba ta yi kwana-kwana ba, ta tambaye shi inda yake ranar Lahadi. Ya ce daga takwas na safe har biyar na yamma yana coci yana kaɗa jita, ta je ta tambayi mutum arba'in.

"Amma kana son a kawar da ita."

"Ina so, Doña. Ina addu'a a kai ma. Sai dai abin nan ko da sanda ba zan taɓa shi ba, balle in rungumo shi." Ya cusa cokali a baki ya tauna. "Kuma ba zan shafa wa Yovana ba. Ita ce ke ajiye mini wuri a jirgi in zan fito. Da ni ne, da na hure wutar nan, in jefa shi a kogin Rímac da rana tsaka, in zo in faɗa muku ni ne."

Ta dube shi. Mutum ne da ba ya iya ɓoye komai, har abin da ya kamata ya ɓoye. Ta bar shi da wakensa.

Na biyu ya sa ta hau bas har tashar ƙarshe. Zenón, wanda ake kira Chato saboda gajartarsa, shi ne mai motar da Yovana ta yi wa kwandasta shekara huɗu. Ranar da ta ce masa ta samu aikin metro, ya tofa yawu a ƙasa ya ce za ta dawo da gwiwa. A taron unguwa ma an ji shi yana cewa da zai samu hanya da ya cika ramin da shara.

Ta tarar da shi kwance a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ke waje. Ta shure su.

"Wace ce? A'a, uwar injiniya ce da kanta. Yau kuma a bas ɗin talakawa? Ina jirgin naku?"

Ta ce masa ya fito su yi magana irin ta manya. Ya fito yana goge hannu da tsumma, ya saurari labarin, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce ranar Lahadi sawu takwas ya yi tsakanin nan da tsakiyar gari, ta tambayi duk wanda ta ga dama. Sannan ya buɗe ƙofar mota ya nuna mata gaban sitiyari, inda hotunan waliyyai suka jeru har ba a ganin agogon mai. Ya ce mai tuƙi a titunan Lima ba ya neman faɗa da waliyyi.

"Aiki ɗari huɗu, Doña. Haka suka rubuta a allo da manyan baƙaƙe. Kin san direba nawa da kwandasta nawa ke cin abinci a wannan layi? Ranar da jirgin nan ya fara gudu wa zai rubuta namu a allo?" Ya jefar da tsumman. "Da ramin nake faɗa. Ba da yarinyar da ta karya ƙafa a ƙofar motata ba. In sun kore ta, ta zo, wurinta na nan."

Wannan maganar ta fi zagi yi wa Hermelinda ciwo. Ta ce masa 'yarta ba za ta sake rataya a ƙofar motar kowa ba, ya zo gobe ƙarfe sha ɗaya ya gani da idonsa. Ta faɗi haka ne alhali ba ta da komai a hannu.

*

Ta isa gida rana na shirin faɗuwa, ta hau matakalan dutse ɗari da wani abu na unguwarsu tana haki. Yovana na zaune a bakin gado ta ninke rigar aiki da wando, ta ɗora hular kwano a kai, kamar kayan mamaci.

"Mama, ki bar shi haka. Sun riga sun yanke."

Hermelinda ta hau ta da faɗa. Ta ce ba don a ninke kaya ta sayar da kunu shekara ashirin ba. Ta ce a Chota in aka ce maka ɓarawo, sunan ba ya tsayawa a kanka, jikokinka ma sai sun amsa shi. Hawaye kawai ke sauka a fuskar Yovana. Uwar ta tsaya, ta ji kunyar kanta, don ba yarinyar ce ta cancanci wannan muryar ba.

Ta cire rigar gaba ta kakkaɓe a kan tebur. 'Yan ɗigon kakin suka zubo tare da ashana da maɓalli. Yovana ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta ce wannan ai na kyandir ɗin Maestro ne, na zuma, daga Pasco ake aiko masa, ya ce farin na kanti ba ya kaiwa awa ashirin da huɗu. Ta ƙara da cewa har farantin kyandir ɗin ɓarawon ya haɗa ya tafi da shi.

Hermelinda ta zauna a hankali.

Ɗigo na bakwai taku ashirin ne daga akwatin. Kaki ba ya ɗiga sai da wuta. Ashe wanda ya ɗauki Santa ya ɗauki kyandir ɗin yana ci, ya yi tafiya da shi yana ci, kuma ba ƙofa ya nufa ba, cikin fili ya shiga. Maganar Abner ta dawo mata: da ni ne, da na hure wutar. Kowane ɓarawo haka zai yi. Mutum ɗaya ne a duk Lima da zai iya ɗaukar Santa ya ɓoye, ya sa hannu a takalmin yarinya ya yi mata ƙarya, amma ya kasa hure kyandir.

Shekara guda tana zuba masa gyara a kofinsa kowace safiya, saboda furfurarsa.

*

Talata da sassafe ta sake tsare maigadi. Ta ce ya ce babu wanda ya shigo ranar Lahadi, to Maestro fa? Maigadi ya dube ta kamar ta yi tambayar wauta. Ya ce Maestro ai ba wani ba ne, kowace Lahadi yana zuwa da rana ya canza kyandir ya tafi, shi ko rubuta shi ba ya yi.

Ba a daɗe ba Maestro ya iso, idanunsa sun yi ja. Ya miƙa kofi kamar kullum. Ta zuba masa, ta kalli babban yatsansa da ke riƙe da bakin kofin. Akwai kaki rawaya a ƙarƙashin farcen, bai ko yi datti ba. Ya tsaya yana jiran gyara. Ta rufe tukunya.

Ba ta faɗa wa Injiniya suna ba, don ta san amsar: uwa ce. Filin kuwa ya kai unguwa guda faɗi, ba za a bar mai kunu ta bincike shi ba. Abin da ta roƙa kawai shi ne a tara kowa a rumfar abinci ƙarfe sha ɗaya, a rufe ƙofa, kada kowa ya fita sai ta gama magana. Injiniya ya ce sha biyu ya ce, sha biyu ne. Ta ce in ya ƙara mata rabin awa, yau injinsa zai tashi. In bai tashi ba, da kanta za ta ja 'yarta su tafi, ba zai sake ganin tukunyarta a ƙofarsa ba. Ya yarda.

Aka taru. Maza sun cika bencina, matan bakwai a jikin bango, Abner da littafinsa, Chato Zenón a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Maestro na gaba, kusa da Injiniya. Maigadi ya ja ƙofa ya jingina da ita. Agogo na rataye a saman tagar da ake miƙo abinci.

Hermelinda ta fara da sawu ashirin da shida, ta bayyana su ɗaya-ɗaya. Ta sa Yovana ta yi tafiya a gaban kowa don su ga diddigen. Ta sa Abner ya maimaita inda yake ranar Lahadi, ya ƙara da wa'azin da ba a tambaye shi ba, ta bar shi ya yi. Ta sa Chato ya lissafa sawunsa takwas, shi ma ya samu wuri ya zazzage wa Injiniya abin da ke ransa game da direbobi. Sha biyu saura kwata.

Sai ta shiga labarin wata saniya mai baƙin kunne da aka sace a Chota tana yarinya. Ta faɗi sunan mai saniyar, da na matarsa, da irin ciyawar da saniyar ke so. Maza suka fara gunaguni. Wani ya ce tsohuwar ta zare. Ba ta kula ba. Ta gefen ido take kallon Maestro, kamar yadda ubanta ya koya mata kallon wanda ake zargi: kada ka dubi fuskarsa, dubi ƙafarsa.

Sha biyu ta buga. Ƙafar Maestro ta fara motsi. Hannunsa ya shiga aljihun jaket ya taɓa wani abu dogo, ya fito.

Sha biyu da minti goma, ya sunkuya ya ce wa Injiniya zai zaga. Hermelinda ta ce babu mai fita, haka aka yi alkawari, in ya matsu ga bokiti nan. Aka yi dariya. Ta ci gaba: sun bi saniyar sun haye kogi, sun kwana a gidan wani makiyayi, makiyayin yana da kare mai ido ɗaya.

Da kwata. Gumi na bin wuyan tsohon duk da sanyin da ake yi. Shi da bakinsa ya sha yin alfahari cewa kyandir ɗinsa na kaiwa awa ashirin da huɗu da rabi, ba ya ƙara ko minti.

Da minti ashirin ya miƙe tsaye. Benci ya yi ƙara. Ya nufi ƙofa, ya ce wa maigadi ya matsa.

Hermelinda ta bar labarin saniya a tsakiyar jimla.

"Buɗe masa," ta ce. "Yi sauri, Maestro, kada ta mutu. Muna bayanka."

Ya juyo ya dube ta, ya dubi agogo. Zai iya komawa ya zauna, babu mai hujja a kansa. Ya tsaya kamar na numfashi uku. Sannan ya fita da gudu irin na tsofaffi, mutum saba'in na biye da shi.

Ya bi jikin bango, ya haye kankare, ya zagaya bayan tulin bangon rami da ba a saukar ba tukuna, ya shiga wani ɗakin famfo da aka daina amfani da shi. A bayan buhunan siminti, a kan bargonsa da ya ninke huɗu, ga Santa Barbara a tsaye. A gabanta farantin, da guntun kyandir da bai kai gaɓar yatsa ba, wutar na lilo.

Ya durƙusa ya zaro sabon daga aljihu. Hannunsa na karkarwa har lagwanin ya kasa samun wutar. Yovana ta ratsa maza ta karɓe daga hannunsa ba ta dube shi ba, ta kunna, ta kafa a farantin.

Yana durƙushe ya yi magana. Ya ce makon da rami ya ci ƙanensa, an sauko da matar mai ma'adinai ta ga wuri. Ya ce tun da matan nan suka fara sauka bai yi barci mai kyau ba. Ransu yake ji wa tsoro, da na kowa.

"Da tsoro ne," in ji Hermelinda, "da ka tsaya a bakin rami ka ce ba za ka sauka ba, ka ajiye hularka ka tafi. Da na girmama ka. Amma ka shiga inda mata ke tuɓe kaya, ka zura hannu a takalmin 'yata, ka bi laka da rarrafe sau ashirin da shida. Wutar kyandir ka kasa kashewa. Wajen kashe sunan mutum kuwa ko hannunka bai yi rawa ba."

Bai ɗago ba.

Injiniya ya yi gyaran murya ya ce tun da an samu abin, kowa ya koma bakin aiki, sauran magana a ofis za a yi. Hermelinda ta tare ƙofar ɗakin da jikinta. Ta ce a gaban mutum saba'in aka kira 'yarta ɓarauniya, a gabansu za a janye, da murya irin ta jiya. Injiniya ya yi ja har kunne. Ya faɗa: Yovana Tarrillo ba ta saci komai ba, ita da sauran matan suna nan a aikinsu na rami, Maestro kuma ya miƙa makullansa yau. Chato ya ce daga baya a haɗa da kwaɗon kwantena, tun da bakin ya buɗe.

Saura mayar da Santa. Mazan suka tsaya suna kallon juna, babu mai son ya fara taɓa ta bayan abin da aka yi da ita. Yovana ta sunkuya ta ɗauke ta a hannun dama, farantin kyandir a na hagu, ta fita. Suka buɗe mata hanya. Ɗan Cajamarcan nan ne ya fara cire hula ya bi ta, sauran suka biyo.

Hermelinda ba ta bi su ba. Ta je ofis ta karɓo fararen takalman, ta buga su da bango har busasshiyar lakar ta zube. Tana dawowa ta ji ƙasa ta ɗauki rawa a ƙarƙashin ƙafarta, injin ya tashi. Maestro na zaune a kan wani buhu shi kaɗai, ya ɗago kamar zai yi magana. Ta wuce shi.

A bakin rami ta tsaya ta dubi ƙasa. Sabon sawu ne a kan lakar, na takalmin aikin da ya yi wa mai shi yawa, diddigen ya nitse sosai, na hagu ya bar ɗan zane a bayansa. Ta bi shi da ido har inda ya sauka cikin rami.